Yadda ɗan waƙafin sama ya mayar da gonar mutum uku ta mutum ɗaya

Shekara tara kenan ina zaune a bayan kwamfuta a wani shagon buga takardu a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, kuma in aka ce in faɗi abun da ya fi jawo min surutu a wannan aiki ba zan ce wutar NEPA ba, ba kuma zan ce firintarmu mai cin takarda ba, duk da su ma suna taɓa nasu. Wani ɗan mitsitsin abu ne da bai kai ƙwayar gero ba, wanda Turawa ke ce wa afostirofi, yaran makaranta su ce koma ta sama, ni dai waƙafin sama nake ce masa. Shi ne ake maƙalawa kusa da harafin s a Turanci in ana son a ce abu na wane ne. Furojet nake bugawa, da katin biki, da takardar neman aiki, da yarjejeniyar haya, kuma da wuya in tashi daga shago ban ci karo da shi a inda ba a gayyace shi ba, ko in neme shi a inda ya kamata ya zauna in rasa.

Da ni ma raina shi nake yi, sai da wani abu ya same ni shekara huɗu da suka wuce, gab da faɗuwar damina. Wani dattijo ne ya zo daga wani ƙauye ta hanyar Shika, da takarda a ninke cikin aljihun gaba, ɗansa ya rubuta masa da Hausa. Gona ce ta gado, ta ƙannensa su uku da ke zaune a Kaduna da Legas, shi ya riga ya cire nasa kason tuntuni, amma da yake shi ne a gida shi suka wakilta ya ba da ita haya ga wani mutum da zai noma masara damina uku, mutumin kuma ya ce shi da Turanci yake son takardar don lauyansa ya gani. A takardar an rubuta "gonar ƙannena". Ranar shago ya cika maƙil da 'yan furojet, kowa na rantsuwa gobe da safe zai kai wa sufabaiza, janareto na ta ihu a bakin ƙofa, ni kuma hannu na gudu, na buga "my brother's farm", na fitar, ya biya, ya sa min albarka ya tafi.

Kwana uku sai ga shi ya dawo, wannan karon da ɗaya daga cikin ƙannen, fuska ba annuri. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur, an zagaye kalma ɗaya da jan biro. "Ɗana, me ka rubuta mana a nan?" Na ce Baba ai abun da ka ba ni ne. Sai ƙanen ya karɓe zancen, ya ce lauya ya tambaye su wane ne a cikinsu mai gonar, tunda takarda ta ce ta ƙane ɗaya ce. Toh ashe a cikin ukun nan ɗaya ne suke uwa ɗaya uba ɗaya da dattijon, biyun 'yan uba ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan yawa ba sai an yi masa bayanin abun da ya biyo baya ba. An yi waya Legas, an yi waya Kaduna, har magana ta kai kunnen wata gwaggonsu, wai yaya ya haɗa baki da shaƙiƙinsa za su cinye gona ta hanyar Turanci. Bawan Allahn nan kuwa ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, dangwale yake yi.

Gyaran bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Na ɗauke waƙafin daga kafin s na kai shi bayan s, brother's ya koma brothers', gona ta koma ta mutum uku. Na ba su haƙuri, na sake bugawa kyauta, oga kuma bai ce min komai ba sai wani kallo da ya fi faɗa ciwo. Dattijon ya ce in nuna masa inda aka gyara, na nuna masa, ya daɗe yana kallon wurin sannan ya ce "yanzu wannan 'yar ƙugiyar ce ta hana ni barci kwana biyu?" Bara da ya zo sabunta takardar bai karɓa ba sai da ya ɗora yatsa ya tabbatar ƙugiyar na bayan macijin, haka yake kiran s.

Tun daga ranar na kafa wa kaina wata dabara, kuma ita nake koya wa duk yaron da aka kawo shago koyon aiki. Kar ka fara da tunanin waƙafi. Fara rubuta mai kayan tukuna yadda yake, in ɗaya ne ɗaya, in suna da yawa da yawa, ƙane ɗaya brother, ƙanne brothers. Sannan ka ɗora waƙafin a ƙarshen abun da ka rubuta, sannan ka duba, in kalmar jam'i ce da ta riga ta ƙare da s ka tsaya nan, in ba haka ba ka ƙara s. Shikenan fa. The girl's room ɗakin yarinya ɗaya ne, the girls' room ɗakin 'yan mata. Su kuma irin su children da men da women da people, jam'i ne amma ba s a wutsiyarsu, saboda haka waƙafi da s suke ɗauka kamar mutum ɗaya, children's clothes, men's shoes, women's hostel. In kana shakka sa babban yatsa ka rufe waƙafin da duk abun da ya biyo bayansa, abun da ya rage a fili shi ne mai kayan. Rufe childrens' sai ka ga childrens, babu wannan kalma a Turanci. Rufe ladie's ɗin nan da teloli ke so sai ka ga ladie, wace ce ita? Ko dai lady ce ko ladies, wato lady's ko ladies'.

Har a Ingila akwai inda wurin zaman waƙafin nan ke ba da tarihi. A Oksfod akwai The Queen's College da aka kafa a 1341 da sunan sarauniya ɗaya, Philippa. A Kambirij kuma Queens' College ake rubutawa, waƙafi a bayan s, don sarauniya biyu ne suka kafa ta, Margaret ta Anjou a 1448, sannan Elizabeth Woodville ta sake kafa ta a 1465. Namu na Legas, King's College ta 1909 da Queen's College ta 1927, duk kafin s yake.

Amma ni a ganina ba dokar ce ke wahalar da Bahaushe ba, dokar ai ɗan firamare zai haddace ta kafin a tashi tara. Kanmu ne ya saba da wata hanya daban. Mu a Hausa kayan muke fara ambata, kuma a jikin kayan muke liƙa alamar, gida ya zama gidan Musa, mota ta zama motar Musa, ganuwa ta zama ganuwar Amina, su Musa da Amina ba abun da ya taɓa su. Bature kuma mai kayan yake fara kira, a wuyansa yake rataya alamar, kayan su biyo baya ba a taɓa su ba, Musa's house, Amina's wall. Komai a juye, kamar wanda ya saba rubutun allo daga dama aka ce ya koma farawa daga hagu. Gwada da doguwa ka gani: motar abokin yayan Musa. In za ka mayar da ita Turanci daga ƙarshe za ka faro ka dinga dawowa, Musa's brother's friend's car. Wanda bai lura da juyin nan ba shi ne zai rubuta "the car of Musa" don ta bi jerin da kansa ya sani, za a gane shi kam, amma mai harshen zai ji ta wani iri. Wani kuma ya juya jerin daidai amma ya yar da s ɗin a hanya, "my brother wife", "my friend shop", wannan har da tasirin buroka da muke ji kullum a kasuwar Sabon Gari, don a buroka ba a sa s ɗin sam, ga shi kuma bakinmu ya fi sabawa da kalmar da ta ƙare da wasali, s ɗin ƙarshe nauyi yake mana, abun da baki bai faɗa ba kuwa hannu ba ya tunawa da shi.

Inda muka haɗu da su tsaf shi ne wajen na da ta. Wannan na Musa ne, this is Musa's. Tawa ta lalace na ɗauki ta Musa, mine broke down so I took Musa's. Ba sai ka maimaita kayan ba. Da haka ne suke cewa "I slept at my uncle's", ba su ce house ba, an san gidan kawu ake nufi. Duk ɗan Zariya ma ya san wannan ko bai san ya sani ba, je Wusasa ka ji, asibitin St. Luke's, cocin St. Bartholomew's, da tsohuwar St. Paul's da yanzu ake kira Kwalejin Kufena, mutane na faɗin sunan su tsaya a kan s ɗin, kowa ya gane.

Akwai kuma wani abu da ban taɓa jin malamin Turanci ya faɗa a aji ba. Mu wannan alamar mun san ta tun kafin mu san Turanci, amma a wurinmu harafi ce, ana jin ta a maƙogwaro, ma'ana, jama'a, sa'a, 'ya'ya, cire ta ka ji yadda kalmar za ta lalace. Ga kuma waɗanda wayarsu ba ta da haruffa masu lanƙwasa, su rubuta k'asa da d'aki da b'era. Wato idonmu ya saba in ya gan ta akwai sautin da za a yi. A Turancin mallaka kuwa kurma ce, ba ta da sauti ko kaɗan, brothers da brother's da brothers' duk abu ɗaya kunne ke ji.

Wannan ne ma ya haɗa ni musu da 'yar yayata wata biyu kafin ta zauna Wayek. Muna tsakar gida a Tudun Wada, an ɗauke wuta, ta jingina fitila mai caji da butar alwala, tana bin tsofaffin tambayoyi, ta zaɓi students inda ake son students', na ce ba ta ci ba. Ta ajiye biro ta ce "Kawu, toh in a baki duk ɗaya ne ina ruwan wani, wannan ai neman kayar da mutane ne kawai." Na rasa ta inda zan ɓullo mata sai Zazzagancinmu ya cece ni. Kun san dai Kanawa ba su da aiki sai tsokanar mu wai ba mu san mace ba mu san namiji ba a magana, motan Musa, rigan Amina, matan shi ya zo, toh su yi ta yi. Na karɓi biron na rubuta mata "matan Musa" a bayan littafi na ce mace nawa ce? Ta ce ya danganta. Na ce faɗi da baki, ta faɗa sau biyu, da ta nufi ɗaya muryarta ta faro daga ƙasa, da ta nufi da yawa ta faro daga sama. Na ce kin gani, mu baki ke rabawa takarda ta haɗe, su takarda ke rabawa baki ya haɗe, kowa da inda ya ajiye nasa bambancin. Ta yi dariya ta ce wato su ma Zazzagawa ne. Mamanta daga ɗaki ta ce mu rage surutu yara sun yi barci.

A daren ne kuma na nuna mata cewa s ɗin kansa murya uku gare shi, duk da rubutun ɗaya ne. Bayan sauti irin su f da k da p da t yana fita s sak, Yusuf's, Malik's. Bayan wasali da sauran sautuka masu ziza yana komawa z, Musa's sai ka ji kamar Musaz, Bello's kamar Belloz. In kuma sunan ya ƙare da s ko z ko sh ko ch sai a ƙara gaɓa guda, Idris's ya fito Idrisiz, Aziz's ya fito Aziziz, wanda ita ta ce kamar kukan sauro.

Sunaye masu ƙarewa da s ɗin nan kuwa muna da su da yawa, Idris, Yunus, Ilyas, Anas, Bilkis, Abbas, kuma nan ne ko masu harshen ba su daidaita ba. Wasu Idris's suke rubutawa, wasu Idris' kawai, duk biyun an yarda da su. A 2024 da Kamala Harris ta tsaya takarar shugaban ƙasa a Amurka sai da jaridunsu suka rabu, kamfanin dillancin labarai na AP na rubuta Harris', wasu manyan jaridu na rubuta Harris's. Ni na fi son mai s biyun don haka ake faɗa, amma in kwastoma ya zaɓi ɗayan ba na musu, sharaɗina ɗaya ne, ya tsaya a kan guda daga farkon takarda har ƙarshe. Abun da ba a yarda da shi ba shi ne ka tsaga sunan mutum ka cusa waƙafi a ciki. Idri's ba kowa ba ne. Mafi haɗari ma Abbas, don in ka rubuta Abba's shop ka ƙwace shagon daga hannun Abbas ka miƙa wa Abba, kuma a layin da nake akwai Abba akwai Abbas.

In kana son ka ga inda waƙafin nan ke yawon banza hau Keke Napep daga Kwangila zuwa PZ ka dinga karanta allunan shaguna. Shoe's and bag's. Phone's for sale. Fresh egg's. Mai fenti ya ga s a ƙarshen kalma sai ya ji kamar ba ta cika ba sai da ƙugiya, alhali jam'i ne zalla, takalma da jakunkuna, ba wanda ya mallaki komai. Da ina jin kunyar abun kamar mu kaɗai ne, ashe a Ingila har suna gare shi, waƙafin masu kayan gwari suke ce masa, don masu sai da kayan lambu a can sun shahara da rubuta apple's da banana's a kan kwali. Wani tsohon ɗan jarida mai suna John Richards har ƙungiya ya kafa a 2001 don kare martabar wannan alama, a 2019 yana da shekara 96 ya ce ya haƙura, jahilci da lalaci sun yi nasara. Hukumar birnin Bamingam kuwa a 2009 cewa ta yi ta daina sa shi a allunan tituna gaba ɗaya a huta. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan akwai tashoshi biyu maƙwabtan juna, Earl's Court da waƙafi, Barons Court babu. Toh in masu abu suna wannan, mai fentin Kwangila a yi masa uzuri, amma dai ni in banarka ta talla ta biyo ta hannuna sai na cire.

Asalin abun ma in ka bi shi ba alamar mallaka ba ce. A tsohon Turanci na sama da shekara dubu da suka wuce es suke ƙarawa a jikin yawancin sunaye, cyning sarki, cyninges na sarki, stan dutse, stanes na dutse. A hankali e ɗin ya faɗi daga baki. Ita kuma alamar daga Faransa aka aro ta a ƙarni na 16, inda wani mai ɗab'i Geoffroy Tory ya shigo da ita a 1529, aikinta shi ne ta nuna gurbin harafin da aka cire, kamar yadda take yi har yau a don't da can't. Sai masu buga littattafai suka dinga sa ta a gurbin e ɗin nan da ya ɓace, daga baya ta zama doka, ta bayan s ɗin jam'i ma sai can baya sosai ta zauna. Jamusanci da yake ɗan'uwan Turanci ne har yanzu s kawai yake sawa ba waƙafi, Peters Haus, gidan Peter, kuma ba su mutu ba.

Sanin wannan ne ya warware min rikicin its da it's, wanda ni kaina na yi shekaru ina cankar sa. It's mai waƙafi guntun it is ne ko it has, waƙafin na riƙe da gurbin abun da aka cire. Its na mallaka kuwa ɗan gidan su his da hers da ours da yours da theirs ne, kuma duk gidan ba mai sa waƙafi. Haka whose, na wane, da who's, wato who is. In ka rikice warware shi ka karanta, "the goat broke it is leg", ka ji bai yi ba, toh its ne. Wayoyin nan kuma ba sa taimakawa, kana rubuta its za su cusa maka waƙafi ba ka roƙe su ba. Amma wanda ya fi ci min rai shi ne na ƙasan takardar neman aiki, mutum ya yi digiri, ya yi bautar ƙasa, ya tsara wasiƙa tsaf, ya zo ƙarshe ya rubuta "Your's faithfully". Wallahi na goge wannan waƙafin ya fi a ƙirga, ko tambaya ba na yi.

Sai kuskuren da nake ganin namu ne na Hausawa musamman. Wannan n da r namu jakin gida ne, kowane kaya shi ake ɗora wa, jakar makaranta, cajar waya, ƙofar mota, ruwan sha, kofin shayi. Yaro ya koyi cewa motar Musa ita ce Musa's car sai ya ɗauka duk inda ya ga n ko r waƙafi da s ne fassararsa, ya rubuta school's bag, phone's charger. Bature a nan jera kalmomin kawai yake yi, school bag, phone charger, car door, drinking water, ko ya sa of, the leg of the table, the end of the road. Waƙafi da s ya fi son masu rai, mutane da dabbobi, sai ƙasashe da garuruwa da hukumomi, Nigeria's population, Zaria's weather, sai kuma lokaci. Na lokacin nan ne ake yawan mantawa a takardun haya da nake bugawa, kuɗin hayar wata uku three months' rent ne, albashin wata ɗaya one month's salary, hutun mako biyu two weeks' leave, laccar yau today's lecture. Ka ga a nan ba wanda ya mallaki komai, wata uku ba su da aljihu, sunan mallaka kawai aka ba abun. Amina's picture ma hoton Amina ne da duk harshen damon da ke cikinsa, ko ita ce a jiki, ko nata ne, ko ita ta ɗauka, Turancin bai fi Hausar fayyacewa ba.

In mai kayan sunansa dogo ne, a ƙarshen sunan gaba ɗaya ake rataya alamar. Fadar Sarkin Zazzau ita ce the Emir of Zazzau's palace, s ɗin na jikin Zazzau amma fadar ta Sarki ce. Motar surukina my father-in-law's car. In kuma mutum biyu ne, toh a nan a buɗe ido, don irin ramin da na faɗa ne. Musa and Isa's shop shago ɗaya ne na haɗin gwiwa, alama ɗaya a jikin na ƙarshe. Musa's and Isa's shops kowa da nasa. Yanzu duk wanda ya kawo min takardar fili ko shago ko gado sai na ajiye hannu na tambaye shi da Hausa, su nawa ne, tare suka mallaka ko kowa da nasa, wasu har haushi suke ji wai ina musu tambayar alƙali.

Watan Mayu kuma watan buga banar biki ne a shagonmu, 1 ga wata Workers' Day, 27 ga wata Children's Day, makarantu masu zaman kansu su yi ta turo aiki, kowace da irin inda ta jefa nata waƙafin. Ma'aikata da yawa ne, bayan s. Children ba s, kafin s. Teachers' Day ta 5 ga Oktoba bayan s. Mother's Day ce ta fita daban, kafin s ake sa shi, don Anna Jarvis, matar da ta assasa ranar a Amurka, ta nace cewa kowa tasa uwar zai girmama, guda ɗaya.

Shafin sadaukarwa da na godiya a furojet kuwa nan ne matattarar parent's. Kusan kowa zai rubuta "my parent's prayers", yana nufin addu'ar uwa da uba, ni kuma in mayar da shi parents' in wuce, har hannuna ya saba ba ya jiran kaina. Watan jiya wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe tana zaune a kan benci a gefena tana bin allon kwamfuta da ido ina gyara mata, na zo wurin na tsallakar da waƙafin, sai ta ce "Malam, dan Allah mayar da shi." Na juyo na fara karanto mata karatun da na saba, iyaye biyu ne, jam'i ne, bayan s ake sawa, har na ɗaga babban yatsa zan rufe mata allon. Ta bari na gama tsaf sannan ta ce ta sani, ta yi wannan a aji ɗaya. Babanta ya rasu tana shekara huɗu, mamanta ce ta yi ta sai da ƙosai har ta kawo nan, ta so ta rubuta mother's, sai ta ga matar ba uwa kaɗai ta zame mata ba, shi ya sa ta zaɓi parent, guda ɗaya.

Na mayar da shi kafin s, na ce Allah ya jiƙan Baba, ta ce amin, na tura shafin firinta.